Harsashi Ɗaya, Barewa Ɗaya: Tarihin Bindigar Maharbi a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, idan tsoho ya ce bindiga, ba ta soja yake nufi ba. Doguwar nan ta toka yake nufi, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a koma gefe a sake ɗuri. Wasu su ce adaka, wasu su ce harba-ka-ruga. Ita ce ke tashi a filin Kangiwa ranar hawan Sallah da ranar Gani har dawakai su riƙa zabura, ita ce kuma ta shekara da shekaru a rataye a ɗakin kakana, maharbi, a wani ƙauye tsakanin Sandamu da Zango.

Matasan yanzu kan yi mata dariya, su ce rashin ci gaba ne ya sa maharbanmu suka maƙale mata. Ni ban yarda ba. Abu uku ne suka haɗu suka miƙa wa maharbin Daura wannan bindiga: hanyar fatauci, da dokar Turawa, da aljihun talaka. Shi kuma da ya karɓa, sai ya gina mata ilimi na zaɓe da na harbi wanda yanzu yake neman bin masu shi kabari.

Kafin hayaƙi ya shiga daji

Sana'ar harbi ta girmi bindiga nesa ba kusa ba. Har gobe shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da kuwa ya shekara talatin bai ɗana kibiya ba. Kayan aikin asali su ne kwari da baka, da dafin da ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, da tarko, da burtu, wato kan tsuntsun nan da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuyar da kai har ya kusanci garken barewa ba su tsargu ba. Ko labarin kafuwar garin ma da maƙeri ya soma: an ce sai da Bayajida ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya iso rijiyar Kusugu. Tun daga nan mai farauta da maƙeri ba su rabu ba.

Ya kamata a bambance maharbi da mafarauci, domin mutanen birni kan haɗa su. Mafarauta taron dangi suke yi da rani bayan an kwashe amfanin gona: a buga ganga, ƙauyuka su fito da karnuka da gora da barandami, a kewaye daji, zomo ya tashi a bi shi da ihu, wani lokaci a ƙare da faɗa kan wanda ya fara jifa. Maharbi kuwa shi kaɗai yake fita, ko shi da ɗansa, tun kafin assalatu. Shi ne mai bin sawun barewa da gada, a da ma har da gwanki da gyado. Bindigar da nake magana a kanta tasa ce.

Lokacin da bindiga ke fada

Ƙarnoni da dama bindiga ba ta san ɗakin talaka ba. A Borno, Mai Idris Alooma ya samo 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, aka shigo da bindigogi, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. Amma ba wani abin dogaro ba ce. Sanannen labari ne cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bindiga a Alƙalawa, wutar ta dawo ta ƙona shi. Yaƙe-yaƙen jihadi, har da wanda ya sa Malam Isiyaku ya karɓi Daura wajen 1805, da doki da takobi da kibiya aka yi su. A 1826 Bature Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta dubban mayaƙa a bakin ganuwar Konya, bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba.

Mu a nan, daga arewa bindiga ta yi mana yawa. Bayan jihadi ya fitar da sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, daga birni, danginsa suka zauna a Zango da Ɓaure ƙarƙashin inuwar Damagaram. Damagaram kuwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta zama matattarar makamai: ayarin Tarabulus na sauke bindigogi da farar wuta, ana haɗa albarushi a cikin gari, maƙeran fada suna zuba igwa. An ruwaito cewa ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa 40. Ko da an yi ƙari a lissafin, babu wata masarauta a kewayen nan da ta kama ƙafarsa. Mutanen Zango da Ɓaure sun yi yaƙi a gefen waɗannan 'yan bindiga, sun ga yadda ake ɗuri, sun ga yadda ake gyara. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903, rundunonin sarakuna suka watse, tsofaffin bindigogi da masu iya su suka bazu cikin ƙauyuka. Kakana ya sha gaya mana cewa bindigar farko da ta shigo gidanmu daga wajen Magarya mahaifinsa ya samo ta, da awaki ya biya.

Daga bakin teku, da iznin Bature

Hanya ta biyu daga kudu ta biyo. Tun zamanin cinikin bayi, jiragen Turai ke sauke doguwar bindiga mai ƙanƙara a gaɓar Afirka ta Yamma. Turawan Denmak da ke zaune a Ankara ta Gwalkwas sun yi suna wajen cinikinta har zuwa 1850 da suka sayar wa Ingila ganuwoyinsu, amma akasarinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera ta, da gangan kuma ake yin ta mai araha. Ta ratso Nufe da ƙasar Yarabawa a kan fatake, daga baya jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kawo ta tare da gwangwanayen albarushi zuwa kantunan Turawa.

Ga inda dokar ta shigo. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniya a Brussels, da sunan hana cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani masu cin dogon zango, daga tsakiyar Sahara har kusa da kudancin nahiyar. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin fatauci. Wato a daidai lokacin da duniya ke komawa ga bindigar da ake sa wa harsashi ta gindi, mu sai aka ƙulle mu a kan wadda Turai ta riga ta yar. Bature ya riƙe mai jigida, ya bar wa maharbi wadda ba za ta iya tayar masa da hankali ba. Duk wanda zai yi wa adaka dariya, ya fara sanin wannan.

Da aka maido da Malam Musa, ɗan wancan tsohon gidan sarauta, gadon Daura a farkon mulkin Turawa, sannan ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi sarauta har 1966, ƙasa ta kwanta. Dajin da a da ake tsoro saboda mahara ya zama wurin neman abinci. Wannan doguwar sarauta ta Abdurrahman ita ce zamanin da bindigar toka ta ƙwace wa baka wuri a hannun maharban ƙasar nan.

Yadda ake zaɓe a maƙera

Ta kanti tana da tsada, in ta lalace kuma sai maƙeri. Daga gyara maƙeranmu suka koyi yi. Da motoci suka yawaita, sai suka gano cewa ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota rami gare shi, ga kauri, babu ɗinki a jikinsa. Shi ya zama bututun bindiga mafi daraja. Sifirin kuma daga tarkacen mota, ƙota daga icce mai tauri, wuta daga gawayin ƙirya. A wurin ƙanƙara aka koma ga 'yar hula da kunama ke sara, wadda in ta yanke a kasuwa akan yi dabara da kan ashana. Harsashi kuwa dalma ce in da hali, in babu a sa guntayen ƙarfe ko 'ya'yan boris na keke.

A nan ne ilimin zaɓe yake. Na taɓa raka kakana maƙera lokacin da wani ƙanin mahaifina zai fara fita daji shi kaɗai. Bindigogi ne a jingine, akwai wadda aka yi wa ado da farin ƙarfe da jan fata, ita ce kuma mafi sauƙin kuɗi. Idon saurayin yana kanta. Tsohon bai ko dube ta ba. Ya ɗauki wata baƙa mara kyan gani, ya ɗaga bututun ya leƙa ta cikinsa wajen hasken rana, ya shafa shi daga baki zuwa gindi yana neman ɗinki, ya ƙwanƙwasa shi da zobe ya kasa kunne. Mai kyau, in ji shi, tana amsawa kamar sabuwar tasa. Wadda ta yi tsatsa a ciki ko ta tsage, muryarta a dushe take. Sai ya nuna mai adon ya ce wa maƙerin: "Sarkin Maƙera, wannan ai bututun famfo ne." Maƙerin ya yi murmushi ya ce: "Baba, ta masu hawan Sallah ce, ba ta irinku ba."

Gaskiya ya faɗa. Bututun famfo ɗinki gare shi a tsaye, an yi shi don ruwa ne, ba don wuta ba. In hayaƙi da ƙara kawai ake so, yana iya ɗauka. Amma ranar da aka cika masa ciki don babban nama, ta ɗinkin nan yake buɗewa, ya tafi da yatsun hannun hagu. Duk wanda ya tashi a ƙauyen maharba ya san dattijo ɗaya ko biyu masu guntun hannu, kuma ba kura ce ta cije su ba.

Bayan bututu sai kunama: a ɗana ta a ji ko sifirin yana da ƙarfi, kada ta zama mai saki da kanta, kada kuma ta yi taurin da sai an fizga, domin fizga tana kautar da baki. Sai ƙota: a duba icce ya bushe, babu tsaga a wuyanta. Sai nauyi da tsawo, gwargwadon ƙirjin mai ita, tunda shi zai yini da ita a kafaɗa. Na ƙarshe shi ne gwaji, kuma ba a biyan kuɗi sai an yi shi. A fita bayan gari, a yi mata ɗurin da ya fi na kullum, a ɗaure ta a gindin itace, a sa igiya a kunama, kowa ya ja da baya ya fake, sannan a ja. In ta tashi lafiya, a duba ta, a sake. In ta fashe, asarar maƙeri ce. Daga baya na karanta cewa a Birmingham tun 1813 akwai gidan da doka ta kafa don irin wannan gwaji, a cika wa bututu wuta fiye da kima kafin a buga masa hatimi. Maƙeranmu ba su da hatimi, amma hankalin ɗaya ne.

Saurayin nan ya koma gida da baƙar, ya ƙara kuɗi a kan abin da ya yi niyya. Hukuncin kakana a kan sayen bindiga gajere ne: a rage kuɗi a wajen ado, kada a rage a wajen bututu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a wannan sana'a adon ne ke ɓoye arahar.

Tarbiyyar harsashi ɗaya

Wanda ke da harbi ɗaya tak a hannu, tunaninsa daban yake. Sake ɗuri aiki ne: a auna albarushi a tafin hannu, a zuba, a tura tsumma, a danna da sanda, a zuba harsashi, a sake toshewa, a sa hula. Kafin a gama, barewa ta kai Kwangwalam. Ga hayaƙi da ke rufe ido, ga ƙarar da ke korar duk abin da ke dajin. Bindigar kuma ba ta da nisa. Tsofaffi kan ce in nama ya wuce taki arba'in zuwa hamsin, ɓarnar albarushi ce.

Saboda haka aikin duk kafin harbi yake. Maharbi ya san inda barewa ke kiwo da sassafe, ya san tana son 'ya'yan gawo da aduwa da suka zubo, ya san sawun jiya da na yau. Zai ɗebi ƙasa ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta inda warinsa ba zai kai mata ba. Zai yi rarrafe cikin ƙarangiya rabin safiya, burtu a goshi, bindiga a ƙasa. In ya kai, ya yi bisimilla, ya nemi bayan kafaɗa. In ya tarar da sauran rai ya yanka, yadda malamai suka karantar a babin farauta na Risala. In kuwa nama bai tsaya daidai ba, ya haƙura ya dawo hannu rabbana, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a raunata dabba ta tafi ta mutu a banza.

Akwai kuma hani da ba a rubuta ba. Ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Da damina ta kankama ana rataye bindiga, don albarushi ba ya shiri da laima, gona kuma tana kira, dabbobi su samu su hayayyafa. Ba na cewa duk maharbi waliyyi ne. Amma makamin da kansa ya sa wa mai shi linzami: mutum ɗaya, harbi ɗaya, nama ɗaya in an yi sa'a. A Amurka, inda bindiga ba ta da wuyar samu, jihohi da yawa sun ware wa masu bindigar ɗuri lokacinsu na farautar barewar ƙasarsu, mutane suna zaɓen ta don su gwada ƙwarewa. Abin da suke yi don sha'awa, kakanninmu sun yi shi don dole.

Mai baki ɗaya ta kanti, da doka

Bayan 'yancin kai wata irin ta shigo, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi mai kwanso. Ita ma sau ɗaya take tashi, amma ba ta tsoron raɓa, kuma sake ɗuri ba ya ɗaukar lokaci. A wajenmu Baikal ta Tarayyar Sobiyet ta fi yawa. A tsallaken iyaka, wajen Matamaye da Kance, an fi sanin Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa. Ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da 'ya'yan sarauta suka saye ta. Maharbin ƙauye ya duba kuɗin kwanso guda, ya ga zai yi masa ɗuri da yawa na toka, ya zauna a kan abin da ya sani.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta bi sawun wannan bambanci. Ta kasa bindigogi uku: na yaƙi, waɗanda sai da iznin shugaban ƙasa, na kai, irin mai kwanso, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na ɗuri ta baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ba da izni ba kuwa laifi ne, ko ta toka ce. Wannan ya sa sana'ar ta koma bayan gida, maƙeri na yi yana waige, kuma gwajin gindin itace da ake yi a bainar jama'a ya ragu. Mai saye ne ya yi asara.

Bindiga ta rage, barewa ta tafi

Yau mutum zai taso daga Daura ya bi ta Zango har Ɓaure, ko ya yi Mai'aduwa, gona ce ke bin gona. Barewar da kakana ke samu a tafiyar hantsi, jikokinsa sai dai su gan ta a ɗaure a gidan mai kuɗi. Ba adaka ce ta ƙarar da ita ba. Jama'a ta ninku, saura da kurmi suka zama gonaki, farin 1973 da na 1984 suka kashe ciyawa da itatuwa, masu fitilar goshi suka shiga harbin dare ba sani ba sabo, masu motoci da bindigogin zamani suka bi ragowar har cikin hamada. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da ta tarayya ta 1985 suna nan a takarda, amma ba su tsayar da komai a dajinmu ba.

Bindigar kuwa ta sami wani aiki. A 2014 maharba da adakarsu suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A yammacin jiharmu, ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu da ita suke kwana, gaban 'yan ta'adda masu AK-47, har gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Makamin da aka yi don barewa ya koma tsaron ƙofar gida, kuma samari da yawa da ke riƙe da shi yanzu ba wanda ya koya musu leƙa bututu.

Kirana biyu ne. Ga masarauta da jami'o'in jihar nan: sauran dattawan da suka yi harbi a zamanin Sarki Abdurrahman da farkon zamanin Sarki Muhammadu Bashar ba su da yawa. A je a zauna da su, da Sarakunan Baka da na maƙera, a ɗauki bayaninsu, a ajiye tsofaffin bindigogi da burtu da kwari inda yara za su gani. Ga ɗan'uwa mai niyyar saye kuma: ka nemi lasisi tukuna, ka tafi da wanda ya san ƙarfe, kada ka karɓi wadda ba a gwada a gabanka ba. In kuma Allah ya haɗa ka da barewa a dajin Daura, ka sauke bakin bindiga ka bar ta ta wuce, domin waɗanda suka rage ba su kai na harbi ba.